Kura da Ƙura

"Innalillahi! Wai ni me na yi wa kwamfutar nan ne?"

Da ƙarfi Hadiyya ta faɗa, ta manta sam ba ita kaɗai ba ce a ɗakin. Wani shago ne a unguwar Takur inda matasa ke zuwa da kwamfutocinsu saboda akwai sola da intanet. Duk suka ɗago suka dube ta. Kunya ta kama ta, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Digiri na biyu take yi a fannin muhalli. Ta bi unguwannin Dutse ta liƙa wasu 'yan ƙananan na'urori a bangon gidaje da shaguna, suna auna ƙura da hayaƙin da ke cikin iska. Burinta ta ɗora sakamakon a taswira, wadda kowa zai buɗe a wayarsa ya taɓa unguwarsu ya gani: ɗigon kore in iska lafiya lau, ja in da matsala. To amma tun safe take rubuta wa kwamfuta umarni, abin da su suke kira code, ita kuwa sai ta watso mata jan rubutu ta ƙi zana komai.

Wani dogon saurayi ya taso daga kujerarsa. Zuhair ke nan, ɗan Jahun, shi ke kula da kwamfutocin wurin. Ya yi sallama, ya tsaya ɗan nesa.

"Malama, in ba damuwa, in duba?"

Ta dai juya masa kwamfutar. Ya karanta jan rubutun: KeyError: 'kura'. Ya leƙa fayil ɗin bayananta, sai ya cije leɓe yana danne dariya.

"Ai gaskiya ta faɗa miki. Ta ce ta duba ko'ina ba ta ga kura ba. Ni ma dai tunda na zo Dutse ban taɓa cin karo da ita ba."

"Malam, in wasa ya kawo ka, ga hanya nan."

"Allah ya ba ki haƙuri. Duba nan. A fayil kin rubuta ƙura da ƙugiyarta, a code kuma kin rubuta kura ba ƙugiya. Ke kin tara ƙura, kin aiki baiwar Allah ta kamo miki kura."

Ta duba, ta sake dubawa. Wallahi haka ne. Ta so ta ci gaba da ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata.

"Bari in raba ki da wannan wahala gaba ɗaya," in ji shi. Ya ja kujera ya rubuta layi ɗaya tak, wanda zai bi duk bayananta ya cire ƙugiyar kowane harafi: ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b. Ya danna. Sai ga Dutse ta baje a fuskar kwamfuta, ɗigo-ɗigo kamar an watsa wake a tabarma.

Hadiyya ta tafa hannu kamar ƙaramar yarinya. Shi kuwa gogan, taswirar ma bai kalla ba, ita yake kallo.

Ku riƙe wannan layi ɗaya da ya rubuta, don za mu dawo kansa.

Lambar waya dai an karɓa da sunan aiki. Kowa ya san irin wannan aikin. Washegari da hantsi saƙonsa ya shigo:

"Barka da hantsi, Kurar Takur. Yau ma akwai abin da ya lalace? Ina ta addu'a Allah ya sa akwai."

Ta amsa: "Allah ya shirye ka, Sarkin Gyara. Komai lafiya lau. Kuma ka daina kirana kura."

"To Kurata. Na daina."

Daga nan fa kullum sai an sami abin gyara. Ran nan ta musanya lambobin wuri, na arewa ta sa a gurbin na gabas, duk ɗigon Dutse suka tattara suka koma Adamawa. Ya ce mata ko za ta yi ƙaura ai ta yi sallama da mutane. Wata rana shi ma ya manta da alamar baka ɗaya a ƙarshen layin code, ya yi ta zufa yana nema, ita ta gano ta nuna masa da ɗan yatsa, ta yi mako tana yi masa tsiya. Tun ana hirar taswira har aka koma hirar da ba ta da alaƙa da iska ko hayaƙi.

Wani yammaci a ƙofar gidan su Hadiyya Zuhair ya ce, "Hadiyya, ni fa na gaji da neman dalilin ganinki. So nake in riƙa ganinki ba dalili."

Ta sunkuyar da kai tana murza zoben hannunta. "Wannan kuma ba ni za ka gaya wa ba. Abba yana nan."

Abban nata shi ne Alhaji Falalu Kura. Asalinsa mutumin garin Kura ne, ya zo Dutse tun yana saurayi ya kafa gidan burodi, har layin da yake ya koma ana ce masa Layin Kura. Mutum ne mai barkwanci, amma ba ya wasa da sunansa. Shi ya fara ba wa Hadiyya bangon gidan burodinsa ta liƙa na'ura, kuma tun da taswira ta fito ya ga ɗigonsa kore shar, babu wanda bai nuna wa ba. Har masu shayin da ke zuwa sarin burodi sai sun gani kafin su tafi.

"Aikin 'yata ne," yake cewa. "Ku duba, Layin Kura, kore! Bututun hayaƙin nan da na ɗaga sama ba a banza ba."

Da Zuhair ya je gaishe shi, ya karɓe shi hannu bibbiyu. Bayan ya yi bincikensa ya tura masa saƙo a waya, irin rubutunsa da bai taɓa sanin ƙugiya ba:

"Na ji labarinka mai dadi. Ka dan jira bayan salla zan neme ka."

Zuhair ya turo wa Hadiyya hoton saƙon ya rubuta: "Kin gani? Abba ma ɗan ƙungiyarmu ne, ba ruwansa da ƙugiya."

Mutum ɗaya ne abin bai yi wa daɗi ba: Sagiru, manajan gidan burodin, ɗan aminin Alhaji. Ya daɗe yana aika wa Hadiyya burodi mai madara da turare, ita kuwa tana raba wa ƙannenta burodin ta mayar da turaren. Ya haɗiye abin dai, amma yana nan a maƙogwaro.

Ana sauran kwanaki salla, wata safiya, ɗigon Alhaji ya koma ja. Ba ja kaɗan ba, jajawur, mafi muni a duk faɗin taswirar. Ita taswirar da kanta take sabunta kanta, don haka kafin Hadiyya ta sani, hoton ya gama zaga wayoyin unguwa.

Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Sagiru har da gudunsa ya kai wa Alhaji waya.

"Alhaji, ka gani ko? Yaron nan ne ke juya abin nan yadda ya ga dama. Ya ga ka ce ya jira, shi ne ya nuna maka iyawarsa."

Kai, bakin mutane! Kafin azahar an ce hayaƙin Alhaji ne ke sa yaran layi tari. Wata ta rantse tun bara take jin ƙirjinta na nauyi. Masu shayi biyu suka juya zuwa wani gidan burodin. Waɗanda jiya ya nuna wa kore, yau su ne ke nuna masa ja.

Alhaji ya shigo gida ko zama bai yi ba.

"Hadiyya!"

"Na'am, Abba."

"Ni na ba ku bangona da hannuna. Shekara da shekaru ina gasa burodi a garin nan ba wanda ya taɓa nuna ni da yatsa. Yaron da bai shigo gidana ba ya shafa mini baƙi, in ya shigo fa? Ki gaya masa kada in ƙara ganin ƙafarsa a ƙofata. Maganar bayan salla kuwa, babu ita."

Hajiya Zaituna, mahaifiyarta, ta ce, "Alhaji, a dai bincika..."

"Na gama magana."

Hadiyya ta shige ɗaki tana kuka ta kira Zuhair. A nan ne fa gogan ya tafka wauta, ni kaina da ina kusa da sai na ja masa kunne.

"Kurata, na duba code ɗin daga sama har ƙasa, ko jan rubutu ɗaya babu. Kwamfuta ba ta ƙarya. Wataƙila dai tandar Abba ce ta fara..."

"Tandar Abba ce ta fara me?"

"Ina nufin, lamba ai lamba ce."

"Au, haka ne? Mahaifina yana can ya kasa ɗaga kai a layinsu, kai kana gaya mini lamba lamba ce? To ka auri lambar."

Ta kashe waya.

Saƙonninsa suka yi ta shigowa. "Hadiyya ki yi haƙuri, bakina ne ya fi ni sauri." Shiru. "Na kasa cin abinci." Shiru. "Ko zagina ne ki turo, zan karɓa." Ta karanta duka, ba ta amsa ko ɗaya ba, ko da yake ita ma tuwon kirki ba ta ci. Tana son sa, kuma haushinsa take ji, duk biyun a lokaci guda. Sagiru kuwa ya dawo da aiken burodi mai madara, wannan karon har da kaza.

Salla ta zo ta wuce lami. Bayan salla da 'yan kwanaki, tana wanke-wanke a tsakar gida, wayarta ta yi ƙara. Wata Inna Talatu ce, mai sayar da ƙosai a can bayan gari, kusa da inda ake fasa dutse da inji. Gab da salla Hadiyya ta je ta liƙa sabuwar na'ura a bangon gidanta, daga nan rigimar gida ta ɗauke mata hankali ba ta ƙara bi ta kai ba.

"'Yar nan, lafiya kuwa? Kin ce za mu ga layinmu a waya. Jikana ya duba ya duba, ya ce babu mu sam. Mu da muke shan ƙura har a cikin miya, mu ne ba a sa ba?"

"Inna, kina nufin babu ɗigo ko ɗaya a Layin Ƙu..."

Maganar ta tsaya mata a baki. Layin Ƙura. Haka mutanen wurin ke kiran layin nasu, haka ita ma ta rubuta, da ƙugiyarsa.

Ko kumfar hannunta ba ta gama gogewa ba ta buɗe kwamfuta. Ta bi code ɗin a hankali har ta iso kan layin nan na ranar farko, mai cire ƙugiya. Ga shi nan zaune abinsa. Shi ya mayar da Layin Ƙura ya zama Layin Kura. Kwamfuta ta ga suna ɗaya, ta ɗauka wuri ɗaya ne, ta kwashi ƙurar masu fasa dutse kaf ta jibge a kan gidan burodin Abba, ta shafe layin su Inna Talatu daga duniya. Ba ta nuna jan rubutu ba, don a wurinta ba laifin da aka yi.

Hadiyya ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Ta ɗauki waya ta rubuta masa kalma uku:

"Kura ko ƙura?"

Ba a yi minti ɗaya ba ya kira.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Layina ne. Hadiyya, ni ne. Garin gyaran gira na tsone ido."

"Ina ce kwamfuta ba ta ƙarya?"

"Ba ta yi ba. Ni na sa ta. Ki yafe mini, don Allah."

"Sarkin Ɓarna kawai," ta ce, hawaye na zuba tana murmushi. "Goge layin zan yi yanzu, ɗigon Abba ya koma kore."

"A'a, dakata. In ya koma kore a ɓoye, cewa za a yi kin gyara wa mahaifinki. A gaban mutane aka ɓata shi, a gabansu zan wanke shi."

"Ya ce fa kada ya ga ƙafarka."

"Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Zan je."

Bayan la'asar, lokacin da masu sarin burodi suka cika ƙofa, Zuhair ya sauka daga adaidaita rungume da kwamfuta. Sagiru ya taso zai tare shi. Alhaji, da ke zaune a benci, ya ɗaga wa Sagiru hannu ya bar shi. Zuhair ya cire takalmi ya durƙusa a ƙasa.

"Baba, ba roƙo na zo yi ba. Laifi na zo amsawa. Hayaƙinka bai yi komai ba, ni na yi."

"Ina jin ka."

Ya juya kwamfutar yadda kowa zai gani. Ya yi bayani dalla-dalla, ba turanci: akwai Layin Kura, akwai Layin Ƙura, shi kuma da ƙwarewarsa ya cire ƙugiya ya haɗe su. Sannan ya goge layin, ya gyara sunayen, ya danna. Mutane suka matso. Ɗigon Alhaji ya koma kore shar, can bayan gari kuma wani sabon ɗigo ya ɓullo, jajawur.

"La ilaha illallahu!" in ji wani mai shayi. "Ashe ƙurar 'yan dutse ce aka ɗora wa Alhaji!"

"Ni dama na faɗa," in ji wani, wanda kowa ya san shi ya fi kowa yaɗa maganar.

Sagiru ya tuna akwai burodi a tanda, ya shige ciki.

Alhaji ya daɗe yana kallon kwamfutar, sannan ya dubi Zuhair.

"Wato saboda 'yar wannan lanƙwasa ka shafa mini baƙi, ka ja mini baki?"

"Haka ne, Baba."

"Kai da boko ya ratsa, ba ka san bambancin kura da ƙura ba?"

Aka fashe da dariya. Zuhair ya ƙara sunkuyar da kai.

"To su waɗancan bayin Allah fa," Alhaji ya nuna jan ɗigon, "da ka shafe su kana ta fama da ni? Su ne masu tarin gaskiya. Ka tashi ka kai wa mai unguwarsu wannan abin ya gani da idonsa. Tashi ka ba ni wuri."

Ko kalma ɗaya bai ce game da Hadiyya ba. Zuhair ya tashi jiki a sanyaye. Washegari ya je Layin Ƙura, ya zauna da mai unguwa da Inna Talatu da masu injin, aka yi ta ja-in-ja har aka tsaya a kan za a riƙa jiƙa dutse da ruwa kafin a fasa. Ya dawo fari fat kamar an tsoma shi a buhun fulawa. Ya tura wa Hadiyya hotonsa.

"Ga mijin da kika rasa."

"Allah ya ƙara," ta amsa. Can kuma ta ƙara da: "Ka sha ruwa da yawa. Kuma ka ci abinci."

Kwana ya yi ta tafiya, Alhaji shiru. Hajiya Zaituna tana yi tana ɗan sako zancen Zuhair in ta kawo masa abinci, shi kuwa sai ya ce miyar ta yi daɗi.

Ran nan da safe ya ƙwala wa Hadiyya kira. Ta same shi sanye da tabarau, yana ta dangwalar waya yana tsaki.

"Zo nan. Wai ina ake samo d ɗin nan mai ƙugiya a cikin abin nan?"

Ta durƙusa ta saita masa, ta nuna masa yadda zai danne harafin har mai ƙugiyar ya fito. Ya gwada ya kuskure, ya sake gwadawa.

"To, tashi ki tafi. Ba naki ba ne."

Zuhair yana shago yana kwance wata kwamfuta saƙon ya shigo. Ya karanta, ya miƙe tsaye, ya koma ya zauna. Ga abin da Alhaji ya rubuta:

"Ka turo manyanka ranar Asabar, ɗana."

Ya kalli kalmar ƙarshen nan, da 'yar ƙugiyarta a sama, wadda dattijon bai taɓa sa wa kowa ba. Ƙato da shi, sai ga hawaye. Ya tura wa Hadiyya hoton ba tare da ya rubuta komai ba.

Ta amsa: "Ni na koya masa. Kada ka kuskura ka cire ta."

Baffa Bubayero, ƙanen mahaifin Zuhair, shi ya jagoranci manya daga Jahun, aka kawo goro aka sa rana. Katin ɗaurin aure kuwa sai da ango ya bi shi harafi-harafi kafin a buga, don mai bugawar ya so ya yi gwaninta ya rubuta Alhaji Falalu Ƙura. Da wannan ta fita, ina jin da har yau Zuhair gwauro ne.

Aka ɗaura aure wata ranar Juma'a a Layin Kura. Masu shayin nan da suka gudu su ne a sahun gaba. Inna Talatu ta zo da ƙosai cike da roba, ta ce gudummawar Layin Ƙura ce, kuma a ci ba fargaba, yanzu ba yashi a ciki. Sagiru ma ya zo, shi ya raba burodi, har ya yi wa ango murna, ko da yake bai yarda sun haɗa ido ba.

Da za a tafi da amarya, Alhaji ya kira su biyun. Ya dafa kan 'yarsa.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Kai kuma, ga ta nan na ba ka yadda take, da tsiwarta da komai. Kada ka ce za ka gyara mini ita."

"Na tuba, Baba," in ji Zuhair. "Ko ɗigo ba zan taɓa ba."

Daga cikin lulluɓi aka ji amarya ta yi 'yar dariya, mata suka rangaɗa guɗa, kowa ya ce amin.